Lambar 18 da ke jikin gem ɗin yaranmu, me take nufi kuma wa ya kamata ya tsaya a kanta?

Ranar wata Asabar bayan la'asar Yayata ta ce in je in nemo mata ɗanta, yaro ɗan shekara tara, wai tun azahar ya karɓi ɗari biyu ya fita ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ban sha wahalar nema ba, duk wanda ya san lungunan Agege ya san inda yara ke tarewa in babu makaranta, gidan gem. Ɗan shago ne, talabijin huɗu a jere, janareta na ta ruri a bakin ƙofa, benci biyu cike da yara ana jiran layi. Na same shi riƙe da fad ko ƙiftawa ba ya yi, a cikin wasan ya finciko wani mutum daga mota ya bi ta kansa ya wuce, 'yan sanda na biye da shi da jiniya, sauran yaran na ta ihu harbe shi, harbe shi. GTA V ne. Na ce wa mai shagon, "Malam ka san wannan na 'yan shekara 18 ne kuwa?" Ya ce, "Ai yallaɓai yaron ya iya, ya ma fi wasu manyan iyawa." Da muka fito shi ma yaron cewa ya yi, "Kawu ai 18 ɗinnan na ƙwararru ne, ni kuma na ƙware."

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, don na gane babba da yaro duk fahimta ɗaya suka yi wa lambar, kuma ba haka take ba. Lambar ba ta da alaƙa da wuyar wasa ko sauƙinsa ko kaɗan. Abin da take faɗa shi ne me ke cikin wasan, jini ne, tsiraici ne, ashar ne, caca ce, sannan daga shekara nawa ya dace ido ya gani. Akwai gem mai lamba 3 da babba zai kwana bai ci ba, akwai mai 18 da ɗan firamare zai iya bugawa da hannu ɗaya.

Yawancin faifan PS, wato na'urar gem ta PlayStation, da ake sayarwa a Computer Village na Ikeja ko Alaba, in ka duba ƙasan kwalin daga hagu za ka ga ɗaya daga cikin tambari biyu. Na farko PEGI, tsarin ƙasashen Turai ne da aka fara a 2003, lambobinsa biyar, 3 da 7 masu launin kore, 12 da 16 ruwan lemo, sai 18 ja. In ka juya bayan kwalin kuma akwai wasu ƙananan zane da mutane ba sa kulawa da su alhali su ne suka fi bayani. Dunƙulallen hannu yana nufin faɗa da zubar da jini, gizo-gizo ban tsoro, sirinji ƙwaya da kayan maye, 'ya'yan ludo caca, alamar namiji da mace batsa, sai hannu riƙe da katin banki wanda aka ƙaro a 2018, shi kuma yana gaya maka akwai siyayya da kuɗin gaske a cikin wasan. Ko boko bai ishe ka ba za ka iya karanta waɗannan. Na biyun ESRB na Amurka, su haruffa suke sawa, E na kowa, E10+ daga shekara 10, T daga 13, M daga 17, AO na manya zalla. An kafa shi a 1994 bayan majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan zubar da jinin da ke cikin wasanni irin su Mortal Kombat, wanda har yau yaranmu ke bugawa a gidajen gem. GTA V ɗin da na tarar PEGI ta ba shi 18, ESRB ta ba shi M. Minecraft 7 ne, Fortnite 12, FIFA 23 kuma 3.

Amma gaskiya yawancin yaranmu ba su da PS, wayar uwarsu ce gem ɗinsu. A Play Store ma lambar tana nan ƙasan sunan kowane wasa, 3+, 7+, 12+, 16+, 18+, sai dai ka san yadda ake samo ta, kamfanin da ya ƙera wasan ne ke cike wasu tambayoyi game da abin da ke ciki, sai wani tsari da ake kira IARC ya fitar da lambar. Kenan ba wai an zauna an buga kowane wasa daga farko zuwa ƙarshe kafin a sake shi ba. Tana da amfani sosai amma kar ka rufe ido a kanta.

Toh ina dokar Najeriya a nan? Wannan ne wajen da nake so mu fahimta da kyau. PEGI da ESRB ba hukumomin ƙasar nan ba ne, lambarsu shawara ce da ta biyo kaya daga waje. A Ingila tun 2012 laifi ne mai shago ya sayar wa yaro gem mai lamba 12, 16 ko 18 in bai kai shekarun ba, ana iya hukunta shi. A Amurka kuwa jihar Kalifoniya ta yi irin wannan doka, kotun ƙolin Amurka ta rushe ta a 2011 ta ce ta ci karo da 'yancin faɗin albarkacin baki, don haka can shaguna ne da kansu suke bin tsarin. Mu a nan babbar hukumar da muke da ita ita ce ta tace fina-finai da bidiyo ta ƙasa, NFVCB, da aka kafa da doka mai lamba 85 ta 1993. Ita ke sa wa fim G (na kowa), PG (da kulawar iyaye), 12, 12A, 15, 18 ko RE (wanda aka taƙaita nuna shi), irin wanda kake gani a silima ko a farkon fim ɗin Nollywood. A 2024 ma ta fito da sabbin ƙa'idoji kan nuna tsafin kuɗi, kisan tsafi da ƙawata shan taba a fina-finai, bidiyon waƙa da gajerun barkwanci. Jihar Legas tana da tata hukumar tacewar, kamar yadda Kano ke da tata tun 2001 wadda duk mai bin Kannywood ya san labarinta. Amma ɗauki faifan gem ka juya gaba da baya, lambar da za ka gani ta Turai ce ko ta Amurka, kuma ni dai tunda nake shiga gidajen gem daga Agege zuwa Idi-Araba ban taɓa ganin an tambayi yaro shekarunsa ba.

Wannan ba ya nufin doka ta saki yara haka nan. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Legas ta yi tata a 2007, ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma dokar ta ƙasa ta haramta shigo da ko sayar da abin karatu da na kallo da zai gurɓata tarbiyyar yaro. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta sa hukunci mai tsanani kan hotunan batsa na yara da kuma babban da ke lallaɓar yaro ta intanet don lalata da shi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mariƙi kafin kamfani ya tattara bayanan yaro. Sannan caca da betin haramun ne ga ɗan ƙasa da 18 a Legas. Dokokin suna nan a rubuce, matsalar ita ce duk suna tashi aiki ne bayan ɓarna ta faru, babu ɗan sandan da zai shigo ɗakinka ƙarfe goma na dare ya duba me yaro ke taɓawa a ƙarƙashin bargo.

Na san abin da wasu za su ce, kawai gwamnati ta hana gaba ɗaya a huta. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka, ni ma ranar nan da na ga ɗan Yayata raina ya ɓaci sosai. Kuma tsarin mulkinmu bai hana ba, sashe na 39 ya ba da 'yancin magana amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare tarbiyyar jama'a. Wasu ƙasashen sun gwada, Sin a 2021 ta ce 'yan ƙasa da 18 awa ɗaya kawai za su yi gem na onlayin, daga 8 zuwa 9 na dare, Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu, kuma sun iya yin haka ne saboda kowa da sunansa na gaskiya yake rajista. Indiya ta rufe PUBG Mobile a 2020 da Free Fire a 2022, ko da yake su batun tsaron bayanai suka kawo. Amma mu duba namu yanayin tsakani da Allah. Fim ɗin Kannywood ana iya kiran furodusa ofis a ce yanke nan, don an san gidansa. Gem ɗin da aka ƙera a wata nahiya, yaro ya tura wa abokinsa ta Xender cikin minti biyu ba tare da ko data ba, wa za ka kira? Sannan in aka ce a hana duka, har da na ƙwallo da na gine-gine da na lissafi za a haɗa, ga kuma matasanmu da suka fara cin abinci da harkar ƙera gem a Legas ɗin nan. Ni a ganina rarrabewa ta fi hanawa, a faɗa min me ke ciki da harshen da nake ji, a kuma tilasta wa mai shago da mai gidan gem su mutunta lambar, shikenan ragowar aikin nawa ne.

Kuma akwai abubuwa biyu da lambar shekaru ba ta kamawa da kyau, su suka fi ba ni tsoro ma. Na farko hira. Wasanni da yawa yanzu ana magana da baƙi a ciki, da murya ko da rubutu, wasan na iya zama na 'yan shekara 7 amma wanda ke ɗaya ɓangaren ƙato ne ɗan shekara 40 da ba ka san daga ina yake ba. Na biyu kuɗi. Akwai wasu akwatuna da ake saya a cikin wasa ba ka san me za ka samu ba sai ka buɗe, in ba ka dace ba ka sake saya, wannan in ba caca ba mene ne? Beljiyam tun 2018 ta ce caca ce. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da abinci sai alat kawai ta dinga ji yana shigowa cikin dare, ashe katinta na maƙale da wayar, ɗanta na siyan kayan ado na wani gem, ribar kwana biyu ta tafi. Kuka ta yi, kuma yaron bai ma san kuɗin gaske yake kashewa ba.

Sannan mu tuna su Turawan da ma'auninsu suka auna. Abin da suka ga ba komai ga ɗan shekara 12, irin shigar mata ko zagin da suke kira ƙarami, ba lallai ya yi daidai da gidan da ake tashi yaro sallar asuba ba. Don haka in ka ga 12 kar ka ce ai ya kai, ka ɗauka ita ce mafi ƙarancin shekaru, ka ɗora naka ma'aunin a kai. Hanya mafi sauƙi, rubuta sunan wasan a YouTube ka kalli minti biyar na yadda ake buga shi, za ka san komai.

A waya kuma, shiga Play Store ka je saiti, akwai wajen kulawar iyaye, ka sa lambar sirri ka zaɓi iyakar shekaru, duk abin da ya haura ba zai sauku ba. A nan ɗin dai ka sa a dinga neman fasawod kafin kowace siyayya, ko ma ka cire katinka gaba ɗaya. In yaro na da tasa wayar akwai Family Link na Google, kyauta ne, kana iya sa awannin da zai yi da lokacin da wayar za ta kulle da kanta. PS ma yana da irin wannan. Sai dai kulawar Play Store ɗin ba ta hana abin da aka turo daga wayar aboki, wannan kam sai ka riƙa karɓar wayar kana dubawa, kuma gara ka yi a gabansa kana tambayarsa wannan na mene ne, da ka yi a ɓoye.

Washegari na koma wajen mai gidan gem ɗin, ba da faɗa ba, don shi ma abincinsa yake nema kuma yana da 'ya'ya. Na nuna masa jan tambarin a waya na fassara masa zanen ɗaya bayan ɗaya, ya yi shiru ya ce wallahi bai taɓa sanin haka ba ne. Na roƙe shi ko da rana ya bar wa ƙanana ƙwallo da tseren mota, su GTA da Mortal Kombat sai bayan isha'i lokacin da samari ke zuwa. Ya ce zai gwada amma yana tsoron yaran su koma shagon bayan layi, na ce masa wancan ma zan je, kuma na yi wa limamin masallacinmu magana ya ce in kawo masa bayanin a rubuce kafin Juma'a.