Waiwaye: Yadda Aka Gano Man Namibiya Kafin A Same Shi

Tun watan Fabrairun 2022, lokacin da kamfanonin mai na Shell da TotalEnergies suka sanar da samun ɗanyen mai a rijiyoyin Graff da Venus a tekun Namibiya, muhawara ba ta lafa ba a kan yaushe za a fara haƙowa da kuma rabon da ƙasar za ta samu, kuma da yawa daga masu maganar suna ɗaukar lamarin kamar dare ɗaya Allah kan yi bature.

An san cewa a 1974 aka samu iskar gas a filin da ake kira Kudu, a yankin teku na Orange inda rijiyoyin Graff da Venus suke, kuma hakan ya sa aka daɗe ana ganin wurin na gas ne kawai. Bayan samun 'yancin kai a 1990 an haƙa rijiyoyi da dama ba tare da wani abin a zo a gani ba.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne rijiyar Wingat-1, wadda kamfanin HRT na Brazil ya haƙa a yankin Walvis, wani ɓangare na tekun Namibiya, a 2013. A idon masu zuba jari asara ce, domin man da ta bayar bai wuce ɗan samfuri ba. A ɗakin gwaji kuwa labarin ya sha bamban. Kafin a yi zancen inda mai ya taru, masana sinadaran ƙasa suna fara tambaya ko akwai dutsen da ke haifar da shi, wato tsohuwar laka mai cike da ragowar ƙananan halittun ruwa, sannan ko zafin ƙarƙashin ƙasa ya dafa ta daidai, domin idan ba ta dahu ba babu mai, idan kuma dahuwar ta zarce sai ta ba da gas. Haka nan kowane ɗanyen mai yana ɗauke da wasu sinadarai da suka rage daga waɗancan halittu, masu kama da zanen yatsa, da su ake gane dutsen da ya fito daga cikinsa. Wingat-1 ta ratsa irin wannan dutse mai yawan kabon, ta kuma fito da mai marar kauri, shaidar cewa lakar da ta kwanta fiye da shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ta dahu har tana zubar da mai. A wannan shekarar rijiyar Moosehead-1, wadda ita ma ba ta ba da mai ba, ta taɓo irin wannan laka a yankin Orange.

Daga nan tambayar ta koma inda man ya bi ya taru, aikin da aka bar wa hoton ƙarƙashin ƙasa da ake ɗauka ta hanyar aika sauti cikin duwatsu, shi ne kuma ya kai masu haƙa zuwa Venus, cikin ruwa mai zurfin kusan mita 3,000, shekara 9 bayan wancan samfuri.