Mene Ne Makunnin Fitila Marar Waya, Marar Batir?

Makunni ne da ake mannawa a bango da gam ko a ɗaure da kusoshi biyu, babu wayar da ta shiga cikinsa, babu kuma batir. Shi ba ya yanke wuta, ba ya sakin ta. Aikinsa kawai aika saƙo ta iska, irin na rimot, zuwa ga wata 'yar na'ura da aka haɗa da wayar fitilar a cikin silin. Wannan na'ura, wato risiba, ita ce ke kunna kwan ko ta kashe shi.

To daga ina yake samun wutar aika saƙon? Daga yatsanka. A cikinsa akwai ɗan maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe. Da ka danna, sai maganaɗisun ya motsa, motsin ya haifar da 'yar wutar da ta isa a cilla saƙo, shi ke nan ta ƙare. Tsohon ilimi ne, tun 1831 Michael Faraday ya gano shi a Ingila. Wasu kuma suna amfani da wani sinadari mai fitar da wuta idan an matsa shi. Shi ya sa dannawar take da ɗan tauri, kuma ake jin ƙarar "ƙas" fiye da ta makunnin da aka saba. Ba lalacewa ba ce, wutar ce ake samarwa.

Kamfanin da ya yi suna a wannan fanni shi ne EnOcean na ƙasar Jamus, wanda ya fito daga cikin Siemens a 2001. Saƙon makunninsa yakan kai nisan kimanin mita 30 a cikin gini. A 2014 kamfanin Philips ma ya fitar da nasa mai suna Hue Tap, yanzu kuwa ga na Sin masu araha.

Amfaninsa a fili yake. Wanda ya gama gini, ya yi filasta da fenti, sannan ya ga yana son makunni a bakin gado, ba sai an fasa masa bango ba. Ɗan haya zai cire abinsa ranar tashi. Tsoho ko marar lafiya ana iya ajiye masa shi kusa da matashi, kuma wannan kaɗai a ganina ya isa dalilin saye. Fitila ɗaya tana iya samun makunni biyu ko uku, a ƙasan bene da samansa.

Amma kada sunan ya ruɗi mutum. Makunnin ne marar waya, risiba kuwa tana cikin wuta dare da rana, kuma yawancinsu suna buƙatar wayoyin layif da nutural duka biyu. Nan ne haɗarin yake. A kashe wutar gidan daga tushe kafin a taɓa komai, wanda bai iya ba ya kira mai wayarin. A duba yawan wat ɗin da aka rubuta a jikinta, kada a ɗora mata hita ko dutsen guga. Kankare mai rodi da ƙofar ƙarfe suna rage nisan saƙon, don haka a gwada makunnin a wurin da ake so kafin a manna shi.

Haɗa su da juna ba wuya: a danne maɓallin risiba har 'yar fitilarta ta fara ƙyaftawa, sai a danna makunnin. Kamfanoni sun bambanta a nan, a bi takardar da ta zo a cikin kwalin.