Idan wanda aka yi wa wasiyya ya riga mai wasiyyar rasuwa

Da yawa suna ɗauka da zarar sunan mutum ya shiga wasiyya, kayan sun zama nasa, ko ya mutu 'ya'yansa za su karɓa. Ba haka abin yake ba. Wasiyya ba ta fara aiki sai mai ita ya cika, kuma muddin yana numfashi yana iya soke ta. Wanda ya riga shi tafiya bai taɓa mallakar komai ba, balle ya bar wa na baya.

A ce wata mata ta yi wa aminiyarta wasiyyar gida, sai aminiyar ta riga ta rasuwa. A mazhabar Malikiyya wasiyyar ta ɓaci, gidan ya koma cikin dukiyar da magada za su raba. 'Ya'yan aminiyar ba su da ko ƙyauren ɗaki, sai in matar ta sake wasiyya da sunansu, ita ma kada ta wuce sulusin dukiyarta.

Dokar Ingila haka ta tafi: gidan zai faɗa hannun wanda aka bar wa ragowar dukiya, in babu shi a raba kamar ba a yi wasiyya ba. Amma sashe na 33 na Dokar Wasiyya ta 1837 ya yi togaciya. Idan ɗan mai wasiyyar ne ko jikansa ya rasu ya bar zuriya, kason zai gangara kansu, sai in takardar ta nuna akasin haka. Aboki da ƙane ba sa ciki, ko da yake jihohin Amurka da dama sun sa 'yan'uwa.

Jikoki marayu su ne abin tausayi a nan, domin a shari'ar Musulunci baffanninsu na iya shamakance su daga gado. Shi ya sa Masar ta kafa dokar wasiyya wajiba a 1946, ta ba su kason mahaifinsu iya sulusi. Inda babu irin wannan doka, a ganina sakaci ne kaka ya ƙi rubuta sunansu, ko mai wasiyya ya ƙi ƙara layi ɗaya: "in wane ya riga ni, a ba wane."

To, in hatsari ɗaya ya ɗauke mai wasiyya da wanda aka yi wa, ba a san wa ya fara cikawa ba fa? Wata dokar Ingila ta 1925 tana ƙaddara babban ne ya riga. Malikiyya kuwa sun ce babu gado tsakaninsu, kowa magadansa masu rai su gaje shi.