Gicciye a Addinin Kirista: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a Jos, ko Kaduna, ko Wusasa ta Zariya, ya saba ganin gicciye a saman majami'a, a wuyan mata, a bangon Littafi Mai Tsarki, a kan kabari. Wasu na ce masa kuros, masu ilimin Larabci kuma su ce salibi. Yawan ganinsa ya sa mutane da yawa, har da wasu Kiristocin, ba su taɓa tsayawa sun tambayi asalinsa ba.

Mene ne gicciye kafin ya zama alamar addini?

Kayan kisa ne, kuma mafi wulaƙanci a zamaninsa. Farisawa sun yi amfani da shi, amma Romawa ne suka mayar da shi hukuncin yau da kullum ga bayi da 'yan fashi da masu tayar wa gwamnati ƙayar baya. Ɗan ƙasar Roma mai cikakken 'yanci ba a cika yi masa wannan hukunci ba. Ana tuɓe mutum, a yi masa bulala, a ɗora masa itacen ya kai wurin da kansa, sannan a ɗaure shi ko a kafe shi da ƙusoshi a bakin hanya inda kowa zai gani. Wani sai ya kwana biyu ko uku kafin rai ya fita. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, bayan an murƙushe tawayen bayi na Spartakus, an gicciye mutum wajen 6,000 a kan hanyar da ta taso daga Kapuwa zuwa birnin Roma. A 1968 kuma masu haƙar kayan tarihi suka gano ƙashin diddigen wani mutum a wani kabari a Urushalima, ƙusar ƙarfe na nan soke a cikinsa.

Ga Yahudawa abin ya ma fi haka muni, domin a Attaura an ce wanda aka rataye a kan itace la'ananne ne.

To me ya sa Kirista suka rungumi abin kunya irin wannan?

Nan ne zuciyar maganar. Bisharu huɗu na Littafi Mai Tsarki, wato Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, duk sun ba da labarin cewa an gicciye Yesu a wani wuri da ake kira Golgota, wato wurin ƙoƙon kai, a bayan garin Urushalima, lokacin da Bilatus yake gwamnan Yahudiya, tsakanin shekara ta 26 da ta 36. Kirista sun gaskata cewa wannan mutuwa ba tsautsayi ba ce. Zunubi ya shiga tsakanin mutum da Allah, mutum kuma ba shi da abin da zai biya ya fanshi kansa, sai Yesu, wanda ba shi da laifi, ya ɗauki hukuncin a madadinsa. Shi ya sa ake kiransa Ɗan Rago na Allah, ana kwatanta shi da ragon da Yahudawa ke yankawa a Idin Ƙetarewa. A rana ta uku kuma, in ji bangaskiyar Kirista, ya tashi daga matattu. In babu tashin nan, da gicciye bai wuce itacen da aka kashe wani bawan Allah a kai ba.

Manzo Bulus bai ɓoye nauyin wannan magana ba. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa ya amince cewa wa'azin gicciye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta ce kuma ga sauran al'ummai, amma ga masu bi ikon Allah ne. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan: Kirista bai zaɓi kambi ko takobi ya zama tambarinsa ba. Ya zaɓi wurin da aka fi ƙasƙantar da ɗan Adam, yana cewa har can Allah ya sauko ya same mu. Wanda aka zalunta, ko aka ɗaure ba gaira ba dalili, ko ya binne ɗansa, idan ya dubi gicciye yana ganin wanda ya san irin zafin da yake ji.

Tun farko Kirista suke rataya shi?

A'a. Muddin ana ci gaba da gicciye mutane a bakin hanya, zana shi a fili ba ƙaramin abu ba ne. Kiristocin farko sun fi zana kifi, ko makiyayi ɗauke da tunkiya. Akwai ma wani zane da aka samu a bango a birnin Roma, na wajen shekara ta 200, inda wani ya zana mutum mai kan jaki a kan gicciye don ya yi wa wani Kirista ba'a. Duk da haka, a wannan zamanin ne Tartuliyan, malamin coci na birnin Kartej a Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa masu bi kan zana alamar gicciye da yatsa a goshinsu in za su fita, ko ci abinci, ko kwanciya.

Abin ya canza ne da Sarki Kostantin na Roma. An ruwaito cewa ya ga alamar Almasihu kafin yaƙin da ya ci a gadar Milbiya a 312. Daga baya ya hana hukuncin gicciyewa, aka kuma gina babbar majami'a a wurin da ake ɗauka nan ne Golgota, aka buɗe ta a 335. Al'adar coci ta ce mahaifiyarsa Helena ce ta gano itacen gicciyen. Kiristocin Habasha na tunawa da wannan a bikin Meskel a ƙarshen Satumba, da hura babbar wuta a dandali.

Me ya sa wani gicciyen ke da siffar Yesu, wani kuma babu?

'Yan Katolika sun fi amfani da mai siffar, don a tuna da wahalar da ya sha. Majami'u irin su ECWA da COCIN da Baftis sun fi son wanda babu kowa a kai, don nuna cewa ya tashi. Haruffan INRI da ake gani a sama taƙaitawa ce ta abin da Bilatus ya sa aka rubuta da Latin: Yesu Banazare, Sarkin Yahudawa.

Bauta masa ake yi? Ko laya ce?

Babu cocin da ke koyar da cewa itace ko ƙarfe na da iko a kansa. Ɗan Katolika da ya durƙusa ya sumbaci gicciye ranar Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, zai ce maka wanda ya mutu a kai yake girmamawa. Amma gaskiya ɗaya ce, akwai masu rataya shi a mota ko a wuyan jariri kamar laya, kuma fastoci da limaman Katolika sun daɗe suna jan kunne a kan haka.

Musulmi fa, yaya suke kallon batun?

Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 157, ya ce ba su kashe Annabi Isa ba, ba su kuma gicciye shi ba. Wannan saɓani ne na gaske tsakanin addinan biyu, kuma ba a amfanar kowa da yin kamar babu shi. Maƙwabta na iya sanin inda suka bambanta su ci gaba da gaisawa da kai wa juna abincin salla da na Kirsimeti.

Ba da tutar gicciye aka yi yaƙe-yaƙe ba?

An yi. Mayaƙan Turai da suka ci Urushalima a 1099 da gicciye ɗinke a rigunansu suka karkashe Musulmi da Yahudawa. A ganina wannan cin amanar alamar ne, domin wanda aka kafe a kai roƙa wa masu kashe shi gafara ya yi.

Mene ne nufin "ɗauki gicciyenka"?

Yesu ne ya faɗa wa almajiransa cewa duk mai son binsa sai ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa, Luka ya ƙara da cewa kowace rana. Yau za ka ji mai ciwon baya ko mai fama da miskilin miji na cewa gicciyensa ke nan. Waɗanda suka fara jin maganar kuwa sun sha ganin mutum ɗauke da itace sojoji na biye da shi, sun kuma san ba zai dawo gida ba. Mutum ɗaya ne aka rubuta cewa ya ɗauki ainihin gicciyen Yesu a kafaɗarsa: Saminu Bakurane, mutumin Kurane a ƙasar Libiya ta yau, wanda yana shigowa daga ƙauye sojoji suka tare shi suka tilasta masa.