Majami'ar Yahudawa a Sabon Alkawari

Majami'a ita ce wurin da Yahudawa ke taruwa, musamman ran Asabar, domin karatun Attaura da littattafan annabawa, da addu'a, da tattauna al'amuran jama'a. Ta bambanta da Haikali. A zamanin Sabon Alkawari Haikali ɗaya ne tak, a Urushalima, can ake miƙa hadaya ƙarƙashin firistoci. Majami'a kuwa ana samunta kusan duk garin da Yahudawa suka yi yawa, ba a yanka hadaya a cikinta, dattawan gari ne kuma ke riƙe da ita.

Masana da dama na danganta asalinta da zaman bauta a Babila bayan rushe Haikalin farko a 586 kafin haihuwar Almasihu. Shaidar da ta fi tsufa dai rubuce-rubuce ne a kan duwatsu daga Masar, na ƙarni na 3 kafin haihuwarsa, inda ake kiran wurin gidan addu'a. An kuma tono kufan majami'u na ƙarni na 1 bayan haihuwarsa a Gamla da Masada da Magdala: ɗaki ne mai faɗi, da dakali zagaye da bango, jama'a na zaune suna fuskantar juna. A Urushalima an samu wani dutse da ke cewa wani mai suna Tiyodotus ya gina majami'a domin karatun Shari'ar Musa da koyar da umarnai, har da masauki ga baƙi.

Linjilar Luka sura 4 ce ta fi nuna yadda zaman yake gudana. Yesu ya shiga majami'ar Nazarat ran Asabar kamar yadda ya saba, ya miƙe domin karatu, aka ba shi naɗaɗɗen littafin Annabi Ishaya. Ya warware, ya karanta, ya naɗe, ya mayar wa mai hidima, sannan ya zauna ya yi bayani, idanu duka na kansa. A tsaye ake karatu, a zaune ake koyarwa. Wannan ɗan bayani yana da daraja ƙwarai ga masu tarihi, domin yana cikin tsofaffin kwatancin ibadar majami'a da suka iso gare mu. A Kafarnahum ma a majami'a ya yi koyarwa, a majami'a ya warkar da mai shanyayyen hannu (Markus 3) da matar da ta shekara 18 a tanƙware (Luka 13), abin da ya jawo gardama kan aiki ran Asabar. Ba duka shugabanni ne suka yi gaba da shi ba: Yayirus, wanda ya roƙe shi saboda 'yarsa, shugaban majami'a ne.

Majami'a tana kuma hukunta 'ya'yanta. Matiyu 10:17 ya yi maganar bulala a majami'u, Manzo Bulus ya ce sau biyar aka yi masa bulala arba'in ba ɗaya (2 Korintiyawa 11:24). Wanda ake ɗauka ɗan gida ne ake yi wa irin wannan horo.

A littafin Ayyukan Manzanni, majami'a ce ƙofar da Bulus ke fara bi idan ya sauka gari. A Antakiya ta Bisidiya, bayan karatun Attaura da annabawa, shugabanni suka aika wa Bulus da abokan tafiyarsa cewa in suna da maganar ƙarfafa jama'a su faɗa. A Tasalonika ya yi Asabar uku yana muhawara. A Koranti, da abu ya yi tsami, ya koma gidan Titus Yustus da ke jikin majami'ar, Kirisbus shugabanta kuma ya ba da gaskiya. A Afisa ya yi wata uku kafin ya koma makarantar Tiranas. A waɗannan wurare ne ya sadu da “masu tsoron Allah”, wato waɗanda ba Yahudawa ba amma suke halartar karatu, da yawansu kuwa suka karɓi saƙonsa.

Rabuwar mabiya Yesu da majami'a ba rana ɗaya ta faru ba. Wasiƙar Yakubu (2:2), a asalin Helenanci, ta kira taron mabiya Yesu majami'a. Linjilar Yahaya kuma sau uku ta ambaci korar mutum daga majami'a (9:22, 12:42, 16:2), abin da masana da yawa ke gani yana nuna halin da aka shiga bayan Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70. Kakkausar magana mafi tsanani ita ce “majami'ar Shaiɗan” a Wahayin Yahaya 2:9 da 3:9, wadda ta shafi rikicin Samirna da Filadelfiya. A ƙarnonin baya an ciro ta daga muhallinta an jefi Yahudawa baki ɗaya da ita, wannan kuwa zalunci ne ga nassin da mutanen, tunda Yesu da Bulus da manzanni duk Yahudawa ne.