Rokokin 'yan sha'awa da dokar abubuwa masu fashewa a Amurka: tambayoyi da amsoshi

A Amurka akwai dubban mutane, daga injiniyoyi zuwa malaman makaranta da 'yan fansho, waɗanda abin ɗebe kewarsu shi ne su ƙera roka a gida, su kai ta fili, su harba ta sama. Waɗannan mutane sun shafe shekara 9 suna shari'a da gwamnatin tarayya a kan tambaya guda: makamashin da ke cikin injin rokarsu fashewa yake yi, ko kuwa ci da wuta kawai yake yi?

Wace irin roka ake nufi? Ba ta yara ba ce?

Akwai ta yara, wadda ake yi da kwali, amma ba ita ake magana ba. Ana jera injinan roka da haruffa, daga A zuwa sama, kuma kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi ƙarfi. Daga A zuwa G ƙanana ne. Daga H zuwa O su ne masu ƙarfi, kuma a nan za ka ga roka ta fi mutum tsawo, ta yi tafiyar kilomitoci a sama, wata ma ta zarce gudun sauti, sannan ta buɗe lema ta sauko a hankali don a sake harba ta.

Ƙungiyoyi biyu ne ke riƙe da harkar: NAR, wadda aka kafa a 1957, da Tripoli. Su ke gwada mutum su ba shi shaidar ƙwarewa mataki uku. Matakin farko na injin H da I ne, na biyu na J zuwa L, na uku na M zuwa O. Dillali ba zai sayar maka da injin da ya fi matakinka ba. Manyan harbe-harbe kuwa a wurare irin hamadar Black Rock ta jihar Nebada ake yin su, inda a watan Mayun 2004 wata rokar 'yan sha'awa ta wuce kilomita 100 ta shiga sararin samaniya.

Mene ne a cikin injin har hukuma ta sa masa ido?

Wani haɗi ne da ake kira APCP: gishirin amoniyam faklorat da garin alminiyam, an daskarar da su a cikin roba. Idan ka riƙe shi a hannu, tauri da laushinsa kamar na robar goge rubutun fensir ne. Irinsa ne aka zuba a manyan rokoki biyu da ke ɗaga kumbon Space Shuttle.

A 1970, bayan yawaitar tashin bama-bamai a ƙasar, majalisar Amurka ta yi dokar da ta ɗora wa gwamnatin tarayya kula da abubuwa masu fashewa. Dokar ta ce abu mai fashewa shi ne wanda babban amfaninsa, ko amfanin da aka saba yi da shi, shi ne ya yi aiki ta hanyar fashewa. An ba hukuma ikon fitar da jerin irin waɗannan abubuwa duk shekara, kuma tun farkon shekarun 1970 APCP yana cikin jerin. A lokacin babu wanda abin ya dama, don rokoki masu ƙarfi ba su zama ruwan dare a hannun 'yan sha'awa ba sai a shekarun 1980 da 1990. Daga nan hukumar ATF, mai kula da barasa da taba da bindigogi, ta fara matsa lamba: duk injin da makamashinsa ya wuce giram 62.5 sai da takardar izini.

To mene ne wahalar neman takarda? Ba cike fom ba ne kawai?

Da a ce fom ne kawai, da ba a je kotu ba. Kuɗin ma ba shi ne matsalar ba. Matsalar a wancan lokacin ta wurin ajiya ce. Mai izini dole ya tanadi akwatin ajiya irin wanda doka ta tsara, mai makulli, wanda wuta ba ta saurin ci, kuma ba a yarda a ajiye shi a cikin gidan da mutane ke zaune ba. Idan a waje ne, sai ya yi nesa da gidajen mutane. Mai gona ko babban fili ba ya jin wannan. Amma wanda ke haya a bene a tsakiyar birni fa? Ko wanda jami'in kashe gobara na garinsu ya ji kalmar "fashewa" ya ce atafau ba zai yarda ba? Ga rajistar abin da ya shigo da abin da ya fita, ga jami'an ATF da ke da ikon zuwa duba wurin. Mai izini kuma sai ya kai shekara 21, alhali ƙungiyoyin suna ba ɗan shekara 18 cikakkiyar shaidar ƙwarewa.

Kafin 2003 akwai ɗan sarari. Izinin tarayya ya fi shafar wanda ke sayo kaya daga wata jiha, don haka mutum kan sayi injin a wurin dillalin jiharsu a filin harbi, ya ƙone shi a ranar, ya koma gida hannu wofi.

Me ya toshe wannan sararin?

Harin 11 ga Satumba 2001. A ƙarshen 2002 aka yi sabuwar dokar tsaron cikin gida, wadda ta ƙunshi sashe kan abubuwa masu fashewa, kuma daga watan Mayun 2003 ko a cikin jiharku za ka saya sai da izini, da hoto, da zanen yatsu, da binciken tarihinka. An kuma hana mafi yawan baƙi waɗanda ba su da takardar zama na dindindin mallakar irin waɗannan kaya, abin da ya shafi ɗaliban ƙasashen waje da ke karatun injiniya a jami'o'i. Sanata Mike Enzi na jihar Wayomin ya kawo ƙudirin da zai sassauta wa masu roka a 2003, amma bai zama doka ba. A wancan yanayi na tsoro, wane ɗan majalisa ne zai so a ce shi ya sassauta dokar abin fashewa?

Yaya shari'ar ta kaya?

NAR da Tripoli sun shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Washintan a watan Fabrairun 2000, tun kafin harin. Hujjarsu mai sauƙi ce: injin roka da ya fashe ai ya lalace ke nan, amfaninsa shi ne ya ci da wuta a hankali, daidai gwargwado, ya fitar da iskar da za ta tura roka. ATF ta ce a'a, akwai wani irin ci da wuta mai tsananin sauri wanda ake lissafawa cikin fashewa, kuma APCP yana ciki.

A nan ne abin ya yi daɗin saurare. Kotu ta tambayi hukumar: saurin nawa ne iyaka? Daga ina ƙonewa ta yau da kullum ta tsaya, fashewa ta fara? Hukumar ba ta da ma'auni tsayayye. A cikin shari'ar kuma an kawo alƙaluman da ke nuna cewa farar takardar rubutu tana iya ci da wuta da saurin da ya yi daidai da na wasu nau'o'in APCP. A watan Fabrairun 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukumar ba ta yi bayani mai gamsarwa ba, ta mayar mata da batun ta sake nazari. Ta sake, ta dawo da matsayinta na da. A ranar 16 ga Maris 2009 Mai shari'a Reggie Walton ya soke shigar da APCP cikin abubuwa masu fashewa. ATF ba ta ɗaukaka ƙara ba, ta cire shi daga jerinta.

A lura da abu guda: alƙalin bai ce APCP ba shi da haɗari ba. Cewa ya yi hukuma ba ta kafa hujjar da doka ta nema ba.

Ashe tsoron hukumar ba shi da tushe ko kaɗan?

Yana da shi. A watan Mayun 1988 masana'antar PEPCON da ke Henderson a Nebada, wadda ke yin amoniyam faklorat, ta kama da wuta ta tarwatse, mutum 2 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Sai dai wannan tsagwaron gishirin ne, tan dubbai a jibge wuri guda, ba 'yan giram da aka daskarar a roba ba. A ganina laifin hukumar ba damuwa da tsaro ba ne. Laifinta shi ne ta ɗora nauyi mafi girma a kan mutanen da suka riga suka rubuta sunayensu a ƙungiya, suke harbi da rana tsaka a gaban jami'in tsaron fili, ba tare da ta auna abin da take hanawa ba.

Yanzu ke nan kowa zai iya saye ya harba yadda ya ga dama?

Ina! Hukumar sufurin jiragen sama, FAA, tana nan: rokar da ta wuce giram 1,500, ko makamashinta ya wuce giram 125, sai da izinin amfani da sararin sama, mai ƙayyade wuri da lokaci da iyakar nisa. Ma'aikatar sufuri har yanzu tana ɗaukar injinan a matsayin kaya masu haɗari wajen aikawa. Ga dokokin jihohi da na kashe gobara, ga matakan ƙwarewa na ƙungiyoyin.

Akwai abin da ya rage a hannun ATF?

Akwai, kuma abin da ban dariya. Idan roka ta kai ƙololuwa, ɗan albarushi ne, giram kaɗan, ke tashi ya raba jikinta ya turo lema. Albarushi kuwa yana nan daram a jerin abubuwa masu fashewa, haka ma wasu 'yan ashanar lantarki da ake kunna shi da su. Doka ta yarda mutum ya sayi albarushi har kusan kilo 23 ba tare da izini ba idan don tsofaffin bindigogi na gargajiya ne, amma wannan sassauci bai ambaci roka ba. Wato injin mai kilo da yawa na makamashi ya kuɓuta, ɗan abin da ke buɗe lema don kada roka ta faɗo a kan mutane shi ne ya rage da takunkumi. Shi ya sa wasu suka koma amfani da ƙananan tulunan iskar kabon wajen turo lema.

Shekarun takurar sun bar wani gadon kuma. A lokacin ne injinan gauraye, masu haɗa iskar nitros da ƙullin roba ko filastik, suka samu kasuwa, tunda babu ɗaya daga cikin kayan biyu da ke jerin ATF. Bayan hukuncin 2009 da yawa sun koma wa APCP don ya fi sauƙin shiryawa a fili, amma ƙungiyoyin ɗaliban jami'a har yau suna ƙera injinan gauraye suna shiga gasa da su.