Waiwaye: Wa ke da hurumin naɗa magajin Dalai Lama?

Ranar 2 ga Yulin 2025, saura kwana huɗu ya cika shekara 90, Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buda na Tibet, ya sanar daga Dharamsala ta Indiya cewa zai yi magaji, kuma gidauniyarsa ta Gaden Phodrang ce kaɗai za ta gano shi. Ba a kwana ba gwamnatin Sin ta mayar da martani cewa babu magajin da zai tabbata sai da sahalewarta.

Mabiya addinin Buda na Tibet sun yi imani cewa idan babban malaminsu ya mutu, yakan dawo a jikin jariri, sai dattawan malamai su bazama nemansa. Haka aka gano wannan na 14, Tenzin Gyatso, yana ɗan shekara biyu a gidan manoma a ƙauyen Taktser. An baje masa carbi da sanda da ƙaramar ganga na marigayi na 13, gauraye da makamantansu, kuma ruwayarsu ta ce ya tsinci na gaskiyar.

Tushen rigimar ƙasa ce. Bayan rushewar daular Qing ta Sin, Dalai Lama na 13 ya shelanta 'yancin Tibet a 1913, aka yi kusan shekara arba'in Lhasa, babban birnin Tibet, na mulkin kanta, ko da yake manyan ƙasashe ba su amince da ita ba. Sin kuwa na cewa tun ƙarni na 13 yankin nata ne. A Oktoban 1950 sojojinta suka kama garin Chamdo da ke gabashin Tibet, a 1951 aka rattaba hannu kan yarjejeniya mai sharuɗɗa 17, wadda ta yi alkawarin barin addini da matsayin Dalai Lama yadda suke. Alkawarin bai je ko'ina ba. Bore ya ɓarke a Lhasa ranar 10 ga Maris 1959, bayan mako guda Dalai Lama ya sulale da dare cikin kayan soja, ya nufi Indiya. Bai sake komawa ba.

Abin da ya fi tsaya wa 'yan Tibet a rai shi ne na 1995. A watan Mayu Dalai Lama ya ayyana Gedhun Choekyi Nyima, yaro ɗan shekara shida, a matsayin Panchen Lama, malami na biyu a daraja. Bayan kwana uku hukumomin Sin suka tafi da shi da iyayensa. A Nuwamba aka jefa ƙuri'a cikin tulun zinariya a haikalin Jokhang, sunan Gyaltsen Norbu ya fito. Sarki Qianlong na daular Qing ne ya kawo tsarin tulun a 1793, shi ne hujjar Beijin, amma ba da shi aka zaɓi Dalai Lama na yanzu ba. A 2007 kuma aka kafa dokar da ta ce duk malamin da aka ce ya dawo sai gwamnati ta amince.

A ganina nan zaluncin ya fito fili: jam'iyyar Kwaminis ta Sin da ta haramta wa 'ya'yanta bin addini ba ta da bakin faɗa wa masu addini wanda za su bi. Kuma a al'adance Panchen Lama na cikin masu tabbatar da sabon Dalai Lama, don haka da wuya ba a wayi gari da Dalai Lama guda biyu ba, ɗaya na Beijin, ɗaya na masu gudun hijira.

Shi kuwa yaron nan Gedhun Choekyi Nyima, a 2020 Sin ta ce ya gama jami'a, yana aiki, ba ya son a dame shi. Tun 1995 ba a bar wani mai bincike mai zaman kansa ya sa shi a ido ba.